Ɗaki Mai Ƙafafu a Gidan Tata

Ɗalhatu kafinta ne, mutumin Damagaram. Shekararsa goma sha ɗaya a Arlit yana yin ƙofofi da benci da gadaje a wata rumfa bayan tashar mota. A shekara ta 2008 garin ya zame masa wani iri. Tawaye ya sake tashi a duwatsun Ayar, ana binne nakiya a hanyoyi, mota ba ta fita gari sai cikin ayari da rakiyar soja. Duk da haka baƙi ba su fasa shigowa ba, saboda labarin sabon wurin haƙar uraniyom da za a buɗe a Imuraren ya kai ko'ina. Masu hali sun daina gini don tsoro, baƙin kuma ba su da ɗakin da za su sa wa ƙofa. Yawancin ranaku Ɗalhatu yana zaune ne yana wasa zarto, yana jin rediyo.

Wata Talata da hantsi wata tsohuwa ta tsaya a bakin rumfarsa. Buzuwa ce, doguwa, da baƙin mayafi a ka.

"Kai ne mai katako?"

"Ni ne, Inna. Sannu da zuwa. Ga benci."

Ba ta zauna ba. Ta ce sunanta Tata, daga garin Iferwan da ke cikin duwatsun suka gudo bara, yanzu tana gidan ɗanta a unguwar Bukoki. Sannan ta ce, "Ina so ka yi mini ɗaki mai ƙafa."

Ɗalhatu ya rage muryar rediyo. "Ɗaki mai me?"

"Mai ƙafa. Huɗu. Dogo."

"To, akurkin kaji kike nufi."

"Ba kaji ba."

"Rumbu?"

"Me zan zuba a rumbu? Garkata tana Iferwan." Ta tsuguna ta zana layi huɗu a ƙasa da yatsa, ta ɗora musu akwati a kai, ta yi wani karkataccen layi a gefe. "Wannan tsani ne. Na jikana ne. Shi zai hau, ya zauna ciki, ya yi wasa."

"Shekararsa nawa?"

"Bakwai."

Ɗalhatu ya kalli zanen ya kalle ta. A ganinsa yaro ɗan shekara bakwai ba ya bukatar a gina masa abin hawa, katanga ma ta ishe shi. Amma ba shi da wani aiki a hannu, kuma ta ce katako yana nan a gida, ɗanta ya tara. Ya ɗauki abin awonsa ya rufe rumfa ya bi ta.

Gidan ƙarami ne, ɗaki biyu na ƙasa da tsakar gida mai yashi. A jikin katanga an jingine katakon manyan akwatunan da ake kawo injuna a ciki, mai kyau, har da rubutun baƙin fenti a jiki. Kusa da ƙofar ɗaki akwai tanon ruwa, wato duro, a kan murfinsa wata yarinya tana zaune, ta naɗe ƙafafu, tana tsefe kan 'yartsanar tsumma.

"Ina yaron?" in ji Ɗalhatu.

"Ga shi nan," Tata ta nuna yarinyar. "Balki."

Sai a lokacin ya gane. Hausar Tata ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinta. Ya yi wa yarinyar sannu, ta dube shi ba ta amsa ba.

Ɗan Tata, Rhissa, direban tankar ruwa ne a wani kamfani, kuma ranar yana gida. Ya ja Ɗalhatu zuwa inuwar zaure ya zuba masa shayi, ya faɗa masa abin da uwarsa ba ta faɗa ba. Balki 'yar wansa ce. Uwarta ta rasu tun tana goye, Tata ce ta raine ta, uban kuma ya tsaya a Iferwan yana gadin garka, lambunsu. Ranar da suka baro garin, motar da ke gabansu ta taka nakiya. Balki tana bayan mota a buɗe, ta ga komai. Tun daga ranar ba ta yarda ƙafarta ta taɓa yashi ba. Cikin ɗaki tana yawo, don akwai daɓen siminti. Waje kuwa sai dai ta taka dokin ƙofa ta haye tano, ko a ɗauke ta.

"An kai ta likita, sun ce ƙafa lafiya lau," in ji Rhissa. "An yi rubutu ta sha. Yanzu kuma tsohuwa ta ce ɗaki a sama. Ni ban yarda ba, malam. In ka ɗaga ta sama, yaushe za ta sauko?"

"To in bari?"

"A'a, yi. Uwata ce ta ce."

"Amma ka ce ba ka yarda ba."

"Ban yarda ba. Yi dai."

Ɗalhatu ya shanye shayin bai san ko an ba shi aiki ko an hana shi ba. Washegari dai ya zo da zarto da guduma da ƙusa.

Bai taɓa yin irin wannan abu ba, bai ma taɓa gani ba. Sai ya ɗauke shi a matsayin gado mai dogayen ƙafafu wanda za a yi wa bango da rufi. Ya haƙa rami huɗu a kusurwar gidan, ya kafa dirkoki. Ya sa alama da gawayi daidai ƙirjinsa, Tata ta zo ta goge da hannu ta mayar da alamar sama da kansa.

"Inna, in ta faɗo daga nan fa?"

"Ba zai faɗo ba. Ƙasa ya yi nisa, shi ne magani."

Ya shimfiɗa katakon daɓe, ya hau don ya gwada, abin ya yi lilo da shi har ya rungumi dirka. Ya sauko ya zauna yana kallonsa kusan rabin sa'a kafin ya tuna yadda ake gicciya katako a bayan babbar ƙofa. Ya gicciya biyu biyu tsakanin ƙafafun, lilon ya tsaya. Kwana huɗu ya yi bango, ya bar taga a gabas don iskar safe, ya rufa da tsohon kwano ya ɗora tabarmar kaba a kai saboda zafi. Duk wannan aiki Balki tana kan tano tana binsa da ido. Ko tari ba ta yi.

Rana ta biyar yana cikin ɗakin yana goge bakin taga, sai ya ji salati daga ƙasa. Ya leƙa, ashe tagar tsakar gidan maƙwabci take kallo kai tsaye. Wata mata tana tsaye da turmi, ta ja zane ta rufe kai ta ruga ɗaki. Kafin ya sauko daga tsani har an yi sallama a zaure.

Alhaji Alhassan ne, Bakatsine mai sayar da atamfa a kasuwa, mai gidan da ke gabas.

"Malam, wane ne mai wannan hasumiya?"

"Ba hasumiya ba ce, Alhaji. Ɗakin wasan yara ne."

"Yara? Ni dai ƙato mai gemu iyalina ta gani a ciki."

"Ni ne. Aiki nake."

"To yau kai ne, gobe wa? Ni na ɗaga katangata da hannuna don kada a ga cikin gidana, ku kuma kun zo kun yi bene a kanta. Yara ma ba ƙasa suke wasa ba tun da aka halicci duniya?"

Ɗalhatu ya so ya yi bayani, amma ya ga ba shi da hurumin baza labarin yarinyar mutane. Ya ba Alhaji haƙuri, ya hau ya toshe tagar gabas a gabansa. Ɗakin ya koma duhu kamar cikin akwati. Kudu jikin ɗakin Rhissa ne, yamma ƙofa ce da tsani, saura arewa. Ya yanka sabuwar taga a arewa. Da ya leƙa ta ciki bai ga gidan kowa ba, sai fili da hanyar da ta fita gari, da shingen sojoji can nesa inda ake tsayar da motoci. Ya ce alhamdulillahi, nan babu mai ƙorafi.

Bayan kwana biyu wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Mai unguwa Almustafa ya shigo da wani mutum mai farar riga da baƙin tabarau, da ɗan littafi a hannu. Tata ta tafi gaisuwar rasuwa, Rhissa yana wajen aiki. Mutumin bai gabatar da kansa ba. Ya zagaya ɗakin sau biyu, ya girgiza dirka, ya hau tsani ya shiga. Ya daɗe a bakin tagar arewa. Da ya sauko sai ya yi wa mai unguwa magana da Faransanci, mai unguwa yana juya wa Ɗalhatu.

"Ya ce kai ka gina?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ya ce metir nawa daga ƙasa?"

"Biyu ba kaɗan."

"Ya ce babban mutum zai iya wuni a ciki?"

Ɗalhatu ya nuna da hannu. "Na yara ne. Ga mai shi can a kan tano."

Mutumin bai ko waiwayi Balki ba. Ya sake tambaya, mai unguwa ya juya: "Ya ce kwana nawa ka yi kana yi, kuma ka taɓa yi wa wani irinsa a wani wuri?"

"Wallahi wannan ne na farko."

Ya rubuta sunan Ɗalhatu da inda rumfarsa take, ya rufe littafin ya fita. Ɗalhatu ya riƙo hannun rigar mai unguwa a zaure.

"Baba, wane ne wannan?"

"Ni ma ban san shi ba."

"Ba kai ka kawo shi ba?"

"Shi ya kawo ni. Ya tsaya a ƙofar gidana ya ce daga hanya ya hango wani abu, wa ya gina. Mutum da farar mota da littafi, a wannan zamani, zan ce masa nuna mini takardarka?" Mai unguwa ya rage murya. "Kai ma dai, Ɗalhatu. A gidan mutanen Iferwan, ka ɗaga ɗaki sama, ka buɗe masa taga tana kallon shingen soja. Me kake so a ce?"

"Tagar gabas take, Alhaji ya ce in toshe."

"To ni dai shawarata, rage masa tsawo. Kada ya wuce katanga."

A watannin nan an sha ɗaukar mutane a kan abin da bai kai wannan ba, wani saboda wayar tauraron ɗan'adam, wani saboda ya sayi man fetur da yawa. Ɗalhatu ya zauna a kan tsani. Da Rhissa ya dawo da azahar ya ji labari, fuskarsa ta canja. Ya koma wajen tankarsa ya ɗauko kirik, abin ɗaga mota.

Su biyu suka yi aikin. Su tokare kusurwa ɗaya da kirik, Ɗalhatu ya yanke kamu guda daga tsakiyar dirka, su sauke a hankali, ya haɗa da ƙarfe da ƙusa. Da suka gama huɗun, ɗakin ya karkata kamar jaki mai ɗingishi, don cikin sauri awon bai zo daidai ba. Suka sake rage biyu. Ya karkata ɗaya gefen. Suka rage sauran. Kafin ya tsaya daidai, daɓen ya dawo ƙirjin Ɗalhatu, wurin da ya fara sa alamar gawayi. Tagar arewa yanzu katanga kawai take kallo.

Suna tattara guntaye Tata ta shigo. Ta tsaya cak.

"Wa ya yanke ƙafa?"

Rhissa ya amsa mata da Buzanci, ta mayar masa da ƙarfi. Suka yi ta yi, Ɗalhatu yana tsaye da zarto a hannu, ba ya jin ko kalma ɗaya sai sunansa da ke fitowa jefi-jefi. Can ta juyo gare shi.

"Na ce dogo. Ka yi dogo. Na fita, ka yi gajere. Gobe in na fita me za ka yi?"

"Inna, wani mutum ne ya zo."

"Ya ce ka yanke?"

Ɗalhatu ya yi tunani. "A'a. Bai ce ba."

"To wa ya ce?"

"Mai unguwa ya ba da shawara."

"Mai unguwa ya san mutumin?"

"Bai san shi ba."

Ta girgiza kai ta shige ɗaki.

Kwana uku Ɗalhatu bai buɗe rumfarsa da wuri ba. In ya ji mota ta rage gudu sai ya leƙa ya ga ko farar ce. Ba wanda ya zo. A rana ta huɗu ya koma Bukoki ya gyara tsani ya dace da sabon tsawon, ya sa kariya a bakin ƙofa, ya goge duk inda zai iya soke hannu. Tata ta shimfiɗa tabarma a ciki, ta ajiye ƙaramar butar shayi da dabino a faranti. Ta tsaya a gindin tsani ta kira.

"Balki, zo. An gama."

Balki ta kalli ɗakin, ta kalli yashin da ke tsakanin tano da tsani. Taku bakwai ne ko takwas. Ba ta motsa ba. Tata ta je za ta ɗauke ta, yarinyar ta ƙanƙame bakin tanon ta ƙi.

Babu wanda ya yi tunanin wannan yashin cikin su uku. Ɗalhatu ya matso kusa da tanon ya tsuguna don ya ɗauki gudumarsa, sai ya ji murya a saman kansa, siririya, da Hausa mai kyau fiye da ta kakarta.

"Baba mai katako."

Ya ɗaga kai. Wannan ne karo na farko da ta yi masa magana.

"Da ka haƙa ramin can, ka ga wani abu a ciki?"

"Ban ga komai ba, 'yata. Tsakuwa ce kawai, da wani tsohon takalmi."

"Duka huɗun?"

"Duka huɗun."

"Sauran wurin fa? Ka haƙa?"

"Ai kin ga muna takawa kullum. Ni da baffanki da kakarki. Ga shi ba abin da ya same mu."

"Motoci uku sun wuce kafin waccan," in ji ta. "Su ma ba abin da ya same su."

Ya nemi abin da babba yake faɗa wa yaro a irin wannan wuri bai samu ba. Ya miƙe ya je inda ragowar katako yake, ya ɗauko dogaye uku ya jera su a kan yashi daga gindin tano zuwa gindin tsani. Ya bi ta kai ya je ya dawo, yana dira ƙafa da ƙarfi. Balki tana kallo, amma ranar ba ta sauko ba.

Da Rhissa ya dawo ya ga katako a shimfiɗe, ya ce, "Wannan kuma fa?"

"Hanya ce."

"Malam Ɗalhatu, gobe sai ta banɗaki, jibi ta ƙofar gida. Za ka shimfiɗa mata katako har Iferwan? Kwashe."

Ɗalhatu ya sunkuya ya ɗaga ɗaya.

"Ajiye," in ji Tata daga bakin ɗaki.

Ya ajiye.

"Na ce kwashe."

"Na ce ajiye."

Suka koma Buzanci, kowa yana nuna shi da hannu. Ya tsaya riƙe da bakin katakon, rabi a sama rabi a ƙasa, har hannunsa ya gaji. A ransa yana ganin Rhissa yana da gaskiya, yana kuma ganin tsohuwa tana da gaskiya, ya rasa yadda za a yi duka biyun su zama daidai. Ƙarshe Rhissa ya naɗe rawaninsa ya fita masallaci, katako ya zauna inda yake.

Abin da ya motsa lamarin daga gidan Alhaji Alhassan ya fito. 'Ya'yansa mata biyu, A'isha da ƙanwarta Zulaihat, sun kwana biyu suna jin bugun guduma. Uwarsu ta aiko su da kwanon ɗanwake don a wanke abin da ya faru, suka ajiye kwanon suka tsaya suna kallon ɗakin baki buɗe. Ba su nemi izinin kowa ba. Kafin a ankara suna sama, suna leƙowa ta ƙofa, suna gardamar wace ce uwar gida. Suka sauko suka kwaso gwangwanayen tumatir, suka koma suka ɗora girki. Ɗalhatu yana nan, ya zo ɗaukar kayan aikinsa.

"Wannan butar ta wa ce?" A'isha ta ɗaga ƙaramar butar shayin.

"Tawa ce," in ji Balki daga kan tano.

"To zo ki dafa mana, mu ba mu iya ba."

Balki ta daɗe tana kallon katakon. Sannan ta zuro ƙafa ɗaya ta taɓa shi da babban yatsa, ta sauke ɗayar. Ta bi tsakiyarsa a hankali, hannuwa a buɗe, 'yartsana a hammata, ba ta kalli gefe ba har ta kama tsani. Tata tana tankaɗe a bakin ɗaki, ba ta ɗaga kai ba, amma hannunta ya tsaya. Ɗalhatu ya ga hawaye yana ɗiga cikin garin. Ya ɗauki jakarsa ya fita ba sallama.

Bayan mako biyu farar motar ta tsaya a bakin rumfarsa. Ɗalhatu yana cin ƙosai, ya miƙe tsaye. Mutumin ya fito, ya cire tabarau ya miƙo hannu, ya yi magana da Hausar mutanen garin Tawa.

"Kai na biɗa, maigida. Na biya ta gidan can. Mi ya samu ɗakin? Wa ya yanke mishi ƙafafu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. An rage. Ba a ganin komai yanzu, wallahi, katanga kawai."

"Don mi? Ai tsawon nan shi ne kyawonshi."

Ɗalhatu ya tambaye shi ko shi wane ne.

Mutumin ya ce sunansa Isufu, shi ne shugaban leburori a wani ƙaramin kamfanin gine-gine da ya sami aikin sansanin ma'aikata a hanyar Imuraren. Suna son ɗakunan masu gadi guda shida, a sama, inda mai gadi zai wuni yana hangen fili. Ya nemi kafinta a gari bai ga wanda ya taɓa yi ba, sai ranar ya hango wannan daga hanya.

"To me ya sa ba ka faɗa ba tun ranar?"

"Mai kamfani bai sa hannu ba tukuna. In na faɗi, gari duk ya ji, kafintoci ashirin su taru a ƙofata."

"Faransancin fa?"

Isufu ya yi dariya. "Mai unguwarku ne ya fara gaishe ni da shi, sai na bi shi."

Ɗalhatu ya zauna a kan benci. Ya tuna kirik, da guntayen dirka, da kwana ukun da ya yi yana jiran a zo a tafi da shi. Bai san ko dariya zai yi ko zagi ba. Ya miƙa wa Isufu takardar ƙosan ya ce bismillah.

Ya karɓi aikin. Kafin ya tafi ya biya gidan Tata ya gaya musu ko wane ne mai littafin. Rhissa ya yi dariya har ya dafa bango. Tata ba ta yi ba.

"To mayar da ƙafa," in ji ta.

"Inna, abin da aka yanke ba ya komawa. Sai dai a sake sabo."

"Kar a sake," in ji Balki daga sama. "Haka ya fi. Zulaihat tana tsoron bisa."

Ya lura an ƙara katako biyu, daga gindin tsani zuwa bakin banɗaki. Bai tambayi wanda ya sa ba.

Aikin sansani ya ci wata bakwai, don bayan ɗakunan gadi sai aka ba shi ƙofofi da tebura. Lokacin da ya dawo Arlit, a tsakiyar 2009, ana ta maganar sulhu, wasu 'yan gudun hijira sun fara komawa garuruwansu. Ya huta kwana biyu, ya sayi alewa ya nufi Bukoki.

Wata baƙuwar mata ce ta amsa sallamarsa. Ta ce su sababbin haya ne, daga Maraɗi. Mutanen da ke gidan sun koma Iferwan wata biyu da suka wuce, direban kuma kamfaninsa ya mayar da shi Agadas. Ba ta san su ba, a ƙofa suka yi kiciɓis. Ta bar shi ya shiga. Ɗakin yana nan, tabarmar rufin ta yage, an yi zane da alli a jikin bango. A'isha da Zulaihat suna ciki da wasu yara biyu na matar.

"Baba mai katako!" Suka sauko da gudu.

Ya raba musu alewar, har da ta Balki. Sannan ya tambayi abin da ya kawo shi.

"Ranar da suka tafi, kuna nan?"

"Muna nan. Motar a bakin titi ta tsaya, ba ta shigo lungu ba."

"Balki fa? Yaya ta je wajen motar?"

"Da ƙafarta," in ji A'isha. "Ni na riƙe mata hannu har kwana."

"Ƙarya ne," in ji Zulaihat. "Baffanta ne ya ɗauke ta a wuya."

"Wannan ai daga kwana ne, don ana sauri."

"Tun daga zaure ya ɗauke ta. Ke kina can kina kuka, me kika gani?"

"Ke ce dai kika yi kuka!"

"To kafin ranar fa?" in ji Ɗalhatu. "Tana sauka ƙasa in kuna wasa?"

"Wani lokaci," in ji A'isha.

"In ta manta," in ji Zulaihat. "In ta tuna sai ta koma."

Ya so ya ƙara tambaya, amma sun riga sun koma gardamar wanda ya fi yin kuka. Matar gidan ta leƙo ta ce tun da Allah ya kawo shi, matakala ta biyu a tsanin tana motsi, jiya ɗanta ya kusa faɗowa. Ɗalhatu bai zo da guduma ba. Ya aika Zulaihat ta karɓo taɓarya a gidansu, ya zare ƙusa biyu daga toshiyar tagar gabas, ya tsuguna ya buga su a matakalar. Ya taka da ƙafarsa ya ji ta tsaya, ya ce yaran su hau ɗaya bayan ɗaya.